Nisan Niyok da Singafo: me ya sa awannin tafiyar ba sa daidaita?

Tambaya: Malam, na duba tikitin jirgi daga Niyok zuwa Singafo. An rubuta zai tashi ƙarfe 10 na daren Litinin, ya sauka ƙarfe 5 na asubahin Laraba. Na dawowa kuma zai bar Singafo da tsakar rana, ya isa Niyok ƙarfe 6 da rabi na yammacin ranar. To wanne ne gaskiya? Nawa ne ainihin nisan, awa nawa ake yi a sama, kuma me ya sa hanyar take lanƙwashewa kamar baka idan aka zana ta a taswira?

Amsa: Ɗan'uwa, tikitin bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya cakuɗa maka abubuwa uku wuri guda: nisan da ke tsakanin biranen, lokacin da jirgi yake ɗauka, da bambancin agogo. A cikin ukun nan nisan ne kaɗai yake tsaye cak. Daga filin jirgin John F. Kennedy na Niyok zuwa filin Changi na Singafo kimanin kilomita 15,350 ne, kuma jirgin da ba ya yada zango yakan yi awa 18 da rabi zuwa 19. Amma fa da wuya jirgin ya bi wannan kilomita 15,350 ɗin sak, kuma dalilin hakan shi ne zuciyar tambayarka.

Bari mu fara kawar da maganar agogo, don ita ce mai sauƙi. Ka'idar tikiti ita ce kowane lokaci ana rubuta shi da agogon garin da abin zai faru. Singafo tana gaban Niyok da awa 12 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma da awa 13, saboda Amurka tana matsar da agogonta sau biyu a shekara, Singafo kuwa ba ta taɓa nata. A ce bambancin awa 12 ne. Lokacin da jirginka ya tashi ƙarfe 10 na daren Litinin, a Singafo tuni ƙarfe 10 na safiyar Talata ta yi. Ƙara awa 19 a kai, ka ga ƙarfe 5 na asubahin Laraba. A takarda kamar awa 31, a jikinka awa 19. Wajen dawowa lissafin juyewa yake yi: ka tashi 12 na rana, ka yi awa 18 da rabi, agogon Singafo ya nuna 6 da rabi na safiyar gobe, ka cire 12, sai ka sauka 6 da rabi na yammacin ranar da ka taso. Shi ya sa matuƙa da masu kula da zirga-zirgar sama ba sa aiki da agogon kowane gari. Agogo ɗaya suke bi duk duniya, wanda ya dace da na Girinwich da ke Landan.

Yanzu nisa. Taswirar da muka saba gani a bango shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa ƙwallo ce, kuma ba a shimfiɗa bayan ƙwallo a kan takarda ba tare da an ja wani wuri ya buɗe ba. Irin taswirar da ta fi yaɗuwa ta samo asali daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin masu jiragen ruwa. Ta yi musu amfani ƙwarai wajen riƙe alƙibla, amma tana kumbura ƙasashen da ke can arewa da can kudu. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kamar zai kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Idan ka ɗora rula a irin wannan taswira daga Niyok zuwa Singafo, layin zai ratsa Tekun Atilantika da Afirka ta arewa da yankin Larabawa, ka ɗauka ita ce hanya mafi kusa. Ba ita ba ce.

Nemi ƙwallon duniya irin na makaranta da zare. Danne bakin zaren a Niyok, ja ɗaya bakin zuwa Singafo, ka ɗame shi sosai. Za ka ga zaren ya ƙi bin gabas, ya ƙi bin yamma, ya haura arewa ta Kanada, ya wuce daf da ƙololuwar arewacin duniya, sannan ya gangaro ta Saiberiya da Mongoliya da Sin har Singafo. Wannan layin da zare ya kwanta a kai shi ake kira hanyar babbar da'ira, wato yanki ne na da'irar da za ta raba duniya gida biyu daidai wa daida. Babu wata hanya a doron ƙasa da ta fi ta gajarta tsakanin wurare biyu. Idan aka mayar da ita kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe, amma jirgin da ke kanta miƙe yake tafiya. Takardar ce ta karkace.

Waɗannan birane biyu suna da wani abu da yake burge ni duk lokacin da na koyar da wannan darasi, domin kana iya fitar da nisansu da biro da takarda kawai. Niyok tana wajen digiri 74 yamma da Girinwich, Singafo tana wajen digiri 104 gabas. Haɗa su ka samu 178, saura digiri 2 kacal su cika 180, wato kusan bayan juna suke a kan ƙwallon. Shi ya sa zaren ya bi ta ƙololuwa. To filin jirgin Niyok yana digiri 40.6 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, saboda haka daga nan zuwa ƙololuwa saura digiri 49.4. Filin Singafo yana digiri 1.4 arewa da ikwaita, daga ƙololuwa zuwa can digiri 88.6 ke nan. Jimla 138. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, idan ka raba shi gida 360 kowane digiri zai tashi kilomita 111 da 'yan kai. Ninka 138 da 111.2, ka ga kilomita 15,345. Lissafin nan namu na tsaye ya zo daf da na kwamfuta. Ka kuma lura, tunda kewayen 40,000 ne, babu wurare biyu a duniya da nisansu zai wuce kimanin kilomita 20,000. Wannan tafiyar ta cinye kashi uku cikin huɗu na iyakar nisan da ake iya samu.

Wani ƙaramin tarko: idan ka ga lambobi daban-daban a shafukan intanet, duba ma'aunin. Wasu da kilomita suke rubutawa, wasu da mil na ƙasa mai mita 1,609, masu harkar jirage kuma da mil na teku mai mita 1,852. Nisa ɗaya ne zai fito 15,350 a nan, 9,540 a can, 8,290 a wani wurin.

Sai lokaci, inda aikin yake. Manyan jiragen dogon zango suna tafiya da kusan kashi 85 cikin ɗari na saurin sauti, wato kimanin kilomita 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Raba 15,350 da 900, za ka samu awa 17 da 'yan mintuna. To ina sauran awa ɗaya da rabi ko biyun suka shiga?

Wani kaso ya tafi a ƙasa. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a inda zai sauke su. Gangarawa zuwa titin tashi, bin layi a bayan wasu jirage, da shigowa bayan sauka, duk suna ciki, kuma a fili mai cunkoso irin na Niyok wannan kaɗai yana iya cin rabin awa ko fiye. Hawa sama da saukowa su ma ba da cikakken gudu ake yin su ba. Wani lokaci ana sa jirgi ya yi ta kewaye a sama yana jiran izinin sauka. Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna a jadawali don kada kullum a ce sun makara.

Amma babban mai raba gardama ita ce iska. Wancan kilomita 900 da na faɗa saurin jirgi ne a cikin iskar da ke kewaye da shi, ba saurinsa a kan ƙasa ba. Ka ƙaddara kwalekwale a kogi. Matuƙinsa yana tuƙi da ƙarfi iri ɗaya, amma idan ya bi ruwa sai ya ga gaɓa tana wucewa da sauri, idan ya juyo ya fuskanci ruwan sai ya ga kamar ba ya gaba. A daidai tsayin da jirage ke bi akwai wasu koguna na iska, waɗanda masu harkar ke kira jet-sitirim, suna kwarara daga yamma zuwa gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, a hunturun arewacin duniya ma yakan haura 300. Suna samuwa ne inda iska mai sanyi ta yankin ƙanƙara ta haɗu da mai ɗumi, juyawar duniya kuma ta karkatar da su gabas. Jirgin da ya nufi gabas yakan nemi ya shiga cikinsu su tura shi, wanda ya nufi yamma yakan kauce musu.

Tsakanin Niyok da Landan ne aka fi ganin haka a fili. Nisan kimanin kilomita 5,550 ne ko ta ina ka taso, amma zuwa Landan wajen awa 7 ne a jadawali, dawowa kuwa wajen 8. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka yi wa laƙabi da Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. A wani wuri saurinsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Mutane suka yi ta cewa ya wuce saurin sauti, alhali bai wuce ba. A cikin iskar da take ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi, kogin ne ya yi ambaliya.

Kada kuma ka zaci abin da iska ta ba ka a zuwa shi take karɓewa a dawowa, a tashi canjaras. Ta fi karɓa. Misali tafiyar kilomita 9,000 ba iska: awa 10 zuwa, awa 10 dawowa, jimla 20. Sa iskar kilomita 100 a awa. Zuwa da gudun 1,000 awa 9 ne, dawowa da gudun 800 awa 11 da kwata, jimla 20 da kwata. Dalili kuwa, ka fi daɗewa a cikin iskar da ke karo da kai fiye da wadda ke tura ka.

A nan nake so in gyara wani zato da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi. Sukan ce ai duniya tana juyawa zuwa gabas, a ikwaita ma da saurin kusan kilomita 1,670 a awa, don haka jirgin da ya nufi yamma ya kamata ya riga isa tunda garin da zai je yana tahowa gare shi. Da haka ne, da jirgi mai saukar ungulu sai ya ɗaga ya tsaya a sama ya jira ƙasar da yake so ta zo ƙarƙashinsa. Iskar da ke lulluɓe da duniya tare suke juyawa da ita, jirgin ma tun yana ƙasa yana ɗauke da wannan gudun. Hannun juyawar duniya a cikin lamarin ta wajen kogunan iskan nan ne, kuma sakamakon akasin zaton ne: gabas ta fi sauri.

Mu koma kan tafiyarka. Saboda Niyok da Singafo kusan bayan juna suke, mai tsara hanyar jirgi yana da zaɓi uku waɗanda ba su yi wa juna nisa sosai ba: ta ƙololuwar arewa, ta Tekun Fasifik, ko ta Atilantika. Abin da yake nema ba hanya mafi gajarta ba ce, hanyar da za ta fi ƙarancin cin mai da lokaci a wannan ranar yake nema, bisa hasashen yanayi na sa'o'in da ke tafe. Daga Singafo jirgin yakan bi arewa maso gabas, ta kusa da Jafan, ya tsallaka arewacin Fasifik zuwa Alaska da Kanada, iska tana bayansa. Daga Niyok kuma sau da yawa ba ya komawa ta inda ya zo, sai ya sake fuskantar gabas, ya haye Atilantika, ya ratsa Turai, ya gangaro ta kudancin Asiya. Wato mai zuwa da dawowa yana iya kewaye duniya sau ɗaya ba tare da ya taɓa fuskantar yamma ba. Hanyoyin nan sukan ƙara fiye da kilomita 1,000 a kan babbar da'ira, amma duba lissafin: kilomita 17,000 da gudun 1,000 awa 17 ne, daidai da 15,350 da gudun 900. Idan iska ta ba da haɗin kai, doguwar hanya ba ta da asara.

Bayan iska akwai iyakokin ƙasashe, domin sama ma da masu ita. Ka tuna zarenmu ya ratsa Saiberiya. Tun 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, aka rufe wa juna sararin samaniya tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma, wasu kamfanonin da ba a hana ba ma suka ƙaurace da kansu. Landan zuwa Tokiyo da ake yi cikin awa 12 ko ƙasa da haka ta koma wajen 14. Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga wajen awa 9 zuwa wajen 13. Biranen ba su gusa ko taku ɗaya ba. An taɓa ganin irin haka a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da jiragen Turai masu zuwa Jafan suke biyawa ta Anchorage a Alaska su sha mai.

Akwai kuma dokar kariya. Jirgi mai inji biyu dole ne a kowane wuri a hanyarsa ya kasance zai iya kaiwa wani filin sauka da inji ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci, idan ɗayan ya mutu. A da minti 60 ne iyaka, abin da ya sa irin waɗannan jirage suke raɓe-raɓe a gefen teku. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120, kuma yau Airbus A350 yana da izinin har minti 370. Wannan ci gaban ya miƙar da hanyoyi da yawa. Duk da haka, idan yanayi ya lalace a filayen da aka dogara da su, sai a karkata hanya. Ta wajen ƙololuwa ma ana lura da sanyi, domin man jirgi yana fara daskarewa a wajen digiri 40 zuwa 47 ƙasa da sifiri, gwargwadon irinsa.

Nauyi shi ma yana da ta cewa. Kamfanin Singapore Airlines yana yin wannan tafiya da Airbus A350-900ULR, wanda tankunansa ke ɗaukar lita 165,000, inda na yau da kullum ke ɗaukar wajen 141,000. Kujeru 161 kawai aka sa masa, alhali irinsa yakan ɗauki mutum 300 ko fiye. Matuƙa huɗu ne suke karɓa-karɓa. Da yake yana tashi maƙil da mai, ba ya iya hawa can ƙoli nan take, sai ya fara daga ƙasa-ƙasa, yana ƙona mai yana sauƙi yana ƙara hawa mataki-mataki zuwa inda iska ta fi sirantaka. Wahalar dogon zango ita ce man da za ka ƙona a awa ta 18 dole ka yi dakonsa awa 17, dakon kuma da mai ake yin sa. Wannan ne ya kashe tafiyar a karon farko. Kamfanin ya fara Singafo zuwa Newark, kusa da Niyok, a 2004 da A340-500 mai inji huɗu, ya dakatar a 2013, sai a Oktoban 2018 ya dawo da ita da sabon jirgi mai inji biyu. Ta filin Kennedy kuma a Nuwamban 2020 aka fara.

Za ka iya cewa to a ƙara gudu mana. Da zarar jirgi ya matso kusa da saurin sauti, turjiyar iska takan yi tashin gwauron zabo, shan mai ya bi ta. Shi ya sa Boeing 707 na 1958 da jiragen yau kusan gudunsu ɗaya. Jirgin Concorde ya tsallake wannan katanga ta saurin sauti, har ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a Fabrairun 1996, amma mansa ba zai kai shi ko rabin hanyar Singafo ba, kuma an ajiye shi a 2003. A ganina ci gaban da aka samu na gaske ba a gudu yake ba, a daina yada zango yake. A 1947 jirgin kamfanin Qantas na Ostiraliya daga Sidni zuwa Landan kwana 4 yake yi yana sauka yana tashi. A Nuwamban 2019 kamfanin ya yi gwajin Landan zuwa Sidni kai tsaye cikin awa 19 da minti 19.

Idan kana son kimanta kowace doguwar tafiya da kanka, nemo nisan babbar da'ira da kilomita, ka raba da 850 maimakon 900 don ka ba lanƙwasar hanya haƙƙinta, sannan ka ƙara minti 30 zuwa 45 na ƙasa da hawa da sauka. Gwada da tamu: 15,350 a raba da 850 awa 18 ne, ƙara minti 40, ka ga ka faɗa cikin abin da ke tikitinka. Idan tafiyar gabas ce tsantsa a arewacin duniya ka rage kaɗan, idan yamma ce ka ƙara, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu. Idan kuma tikitin mai sauyin jirgi ne, a Dubai ko Doha ko Farankfot, to lissafa kowane zango daban, ka ɗora awannin jira a kai, kuma ka mayar da duk lokutan agogo ɗaya kafin ka fara ragewa.